Inda Baba Yake Tsayar da Kaset

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da 'yan biyu, Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Mu nan alhamdu lillahi. Baba yana nan da ciwon gwiwarsa, sai dai yanzu yana iya sauka daga bene ya zauna bakin shagon mai gyaran takalmi su yi ta musu. 'Yata Gimbiya ta shiga aji biyu, haƙoranta na gaba sun zube, ta daina dariya a gaban baƙi. Ƙaninta Auta kuma ya koyi buɗe firiji, kin ga aiki ya same ni. Ni ma ina nan ina fama da keken ɗinki, idona ne kawai ya fara gajiya da baƙin zare.

Yaya, kwamfutar hannun da kika aiko wa yara ta iso, kuma a kanta na ɗauki biro. Na gwada faɗa miki ta waya, amma kullum kina kan hanyar aiki ko kina tuƙi, sai mu ƙare a lafiya lau. To ba lafiya lau ba ne, kuma na fi so ki karanta a zaune.

Kin san zaman la'asar na gidan nan, domin a cikinsa muka tashi. Tun da aka rufe sinimar da Baba ya yi aikin haska fim a ciki, bai rabu da kwalin kaset-kaset ɗinsa na finafinan waƙa da rawa ba, kuma har yau tsohuwar bidiyon nan tana aiki in an buga mata tafi a gefe. Da yara sun dawo makaranta sun ci abinci, sai ya ja labule, ya ɗora Auta a cinya, Gimbiya ta zauna ƙasa ta jingina da ƙafarsa mai lafiya. Bai taɓa jin harshen mutanen fim ɗin ba, amma shi ne tafinta. In mugu ya zare ido yana ihu, sai Baba ya ce cewa yake duk yaron da bai goge haƙoransa ba, to zai gamu da shi. In jarumar ta yi kuka a bakin rijiya, sai ya ce ƙaninta ne ya yaga mata littafi amma ta yafe masa. Fassarar jiya daban, ta yau daban, gwargwadon laifin da aka yi a gida. Da an fara waƙa kuwa sai Gimbiya ta ɗaura tawul ta miƙe, Auta yana binta yana faɗuwa, har kofuna biyu suka fasa mini. Ni ina ɗaki ina ɗinki ina jin su, kuma wannan sa'ar ce kaɗai a yini nake mantawa da halin da nake ciki.

Kin kuma san fim ɗin tashar jirgin ƙasa, wanda uban ya tafi neman aiki, matarsa da 'yarsa suna zuwa tasha kullum suna waƙa. Kin san inda Baba yake miƙa hannu ya danna ya tsayar da kaset ɗin, daidai lokacin da jirgin ya tsaya hayaƙi ya rufe fuskar yarinyar, ya ce to ga babanta nan ya sauko, fim ya ƙare, kowa ya tashi. Ni ina ƙarama lokacin da ya fara yin haka, amma ke kina da wayonki. Ke da bakinki kika gaya mini cewa ya fara ne a shekarar da Inna take kwance asibiti muna tambayarsa yaushe za ta dawo. Tun da baban yara ya tafi garin da kuke, ya daina kira, ya daina aike, wannan fim ɗin Gimbiya take zaɓa. Ban hana ba. Ba ni da amsar da zan ba ta game da babanta, Baba kuwa yana da inda yake dannawa.

Sai ga kyautarki. Kika zuba musu finafinan duka a ciki, tas da su, da fassarar murya, har kika rubuto cewa yanzu sai a zubar da tarkacen Baba a huta da ƙura. Ban zarge ki da mugunta ba, Yaya, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma da kin tambaye ni da na ce ki cire guda ɗaya. Garin neman gira aka rasa ido. Ranar da abin ya faru ina wajen kai ɗinki, Baba yana barcin rana, yarinyar nan ta shige bayan kujera ta kalli fim ɗin tasha ita kaɗai har ƙarshensa. Ta ga hayaƙi ya washe, kowa ya sauko ban da uban, ta ga yarinyar ta girma tana zuwa tashar ita kaɗai. Ta kuma ji da kunnenta cewa mugun bai taɓa zancen haƙori ba.

Na dawo na tarar da ita tsaye a kan Baba, ba kuka take ba, da ma kukan ne. Ta ce masa ya yi mata ƙarya, mutumin bai sauko ba. Baba ya yi ƙoƙarin mayar da abin wasa, ya ce ai na cikin kwamfuta ne bai sauko ba, na cikin kaset ɗinsa yana saukowa. Sai ta ce to a saka kaset ɗin kada a danna. Aka saka. Da jirgi ya tsaya hannunsa ya tashi da kansa, ta kama hannun ta riƙe da hannuwanta biyu. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana magana a kan fim, ranar sai ya zuba wa fim ɗin ido kawai har aka gama. Na so in tsawata mata, na rasa laifin da zan ce ta yi.

Tun daga nan ba ta sake zama ba. La'asar na yi Baba ya ja labule kamar kullum, ya ɗora Auta, ya bar mata wurinta, ita kuwa ta wuce ɗaki da littafinta. Shi ma ya daina fassara, sai ya bar mutanen su yi ta yarensu. Auta ne kaɗai bai san an yi komai ba. Shekaranjiya ya hau kujera ya leƙa taga yana rera waƙar tashar da gwarancinsa, don ya ji ƙarar mota a ƙasa. Ina ji yayarsa ta ce masa ya sauko ya yi shiru, babu wanda zai zo. Yarinyar da ba ta gama famfarar haƙori ba ke nan, Yaya. Na bar keken na shiga banɗaki na kunna famfo don kada su ji ni.

Abin da nake so gare ki ba kyauta ba ce. Kina ganin baban yara, na sani, maigidanki ne ya samo masa aikin, kuma duk tambayar da na yi sai ki ce yana lafiya, kamar lafiyarsa na tambaya. Ki je ki same shi. In zai dawo ya faɗa, in ba zai dawo ba ya ɗauki waya ya gaya wa 'yarsa da bakinsa. Na gaji da ganin tsohon da bai ci nanin ba, nanin tana cinsa. Shi ne yake wanke musu ƙafa yana raka su bakin titi, shi ne kuma ya zama maƙaryaci a gidan, wanda ya tafi yana can ba wanda ya ce masa komai. Ina jin haushinki, ba zan ɓoye ba, amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, kuma ba ni da wata yaya bayan ke.

Ki gaishe da maigidanki da 'yan biyu, da Gwaggo in kin leƙa ta, ki ce ina yi mata sannu da jiki. Baba yana gaishe ki, ya ce lallai in rubuta miki godiyar kyauta, ga shi na rubuta. Auta ya ce a gaishe da Anti mai kwamfuta. Gimbiya kuwa na ce ta ba ni saƙo, ko gare ki ko ga babanta, ta ce ba ta da shi.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki,
Maman Gimbiya