Damin Geron Da Ka Mayar

Zuwa ga Maigida,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da ladabi irin wanda ban cika yi maka ba kana raye, ina fatan makwancinka ya fi ɗakinka sarari. Mu dai muna nan Gaya yadda ka bar mu, da ƴaƴa, da jikoki, da rigimar da ka shuka ka tafi.

Kafin in shiga magana ga kacici-kacici, kai da masu leƙen wasiƙar nan ta bayan kafaɗata: mene ne in ka karɓa gonarka ta zauna, in ka ji kunya ka mayar gonar ta tashi? Kada ka yi kamar ba ka sani ba. Dami ɗaya ne na gero, kuma kai ka mayar da shi.

Ka tuna shekarar da kogi ya cinye gonakin mutanen Tunuga, Mumuni masunci ya zo da matarsa Gambi da jariri a goye? Hausarsa ta kasuwa ce, rabi Dandanci, yaren mutanen bakin kogi, amma ka gane roƙonsa. Ka ba shi aron gonar hanyar Bengu, wadda ka gada wurin mahaifinka. Ba takarda, sai al'ada: duk kaka mai aro ya kawo dami ɗaya ƙofar mai gona, da rana, mutane na gani. Ba don ci ba ne, don kowa ya tuna ƙasar ta wane ce.

Shekara huɗu yana kawowa. A ta biyar ka tare shi bakin zaure ka ce, "Mun zama ɗaya, Mumuni, kada ka ƙara ɗauko min wannan." Ina tsakar gida ina daka, saura kaɗan taɓarya ta faɗo min a ƙafa. Da na yi magana ka ce mata ba su san zumunci ba. Sannan ka bar shi ya dasa mangwaro, alhali kowa ya san mai aro ba ya dasa itace. Kai dai a ce maka mutumin kirki, shi ke nan ka ƙoshi.

To ga kirkin naka ya nuna. Ka tafi, Mumuni ya bi ka. Jaririn nan, Isufu, yanzu magidanci ne da gemunsa. Kwalta ta matso kusa da gonar, ƴan kasuwa na neman wurin gina magaza ta ajiyar kaya da ajiye kamiyo, manyan motocin nan. Wani Alhaji ya taya, Isufu ya sallama. Makon jiya da idona na ga masu awon fili suna kafa turaku tsakanin mangwaron. Babban ɗanmu ya taso daga Yamai a fusace, ya kai ƙara wurin mai gari. An sa zama ranar Alhamis.

Isufu ya ce tun da ya yi wayo bai taɓa ganin dami ya fita gidansu zuwa namu ba, ubansa ya dasa itatuwa ba wanda ya hana, don haka kyauta ka yi, ba aro ba. Ya ce a kawo Alƙur'ani zai dafa. Kuma Maigida, ba maƙaryaci ba ne, abin da ya gani yake faɗa. Dattawan da suka ga damin farko duk suna wajenku. In kana da hali ka turo min ɗaya.

Ka san wa za ta rasa in gonar ta tafi? Ba ɗanmu ba, shi yana da albashi. Zuwaira ce, autarmu. Mijinta ya rasu, ta dawo gida da ƴaƴa huɗu. Da aka raba gadonka sauran gonaki sun tafi ga ƴan'uwanta, rabonta a wannan ya faɗa.

Yanzu gyara kwanciya, zan faɗa maka abin da na ɓoye maka. Damin bai taɓa yankewa ba. Ranar da ka mayar da Mumuni, Gambi ta sussuke geron, ta zuba a masaki, ta rufe da faifai, ta shigo ta ƙofar baya kamar mai kawo gudunmawar suna. Ta ce, "Maza na wasa da ƙasa, mu kada mu yi." Duk kaka haka. Furar nan da kake yabo bayan girbi, kana cewa geron gonarka ya fi na kowa garɗi, da shi nake dama maka. Gaskiyarka, na gonarka ne.

Amma masakin ƙofar baya ba shaida ba ne. Mu biyu muka sani, ɗayar kuma uwar Isufu ce. Kwana uku ina yafa mayafi in je wurinta, ina cirewa. Yaya zan ce wa mace ta tsaya gaban mai gari ta ƙaryata ɗan da ke ciyar da ita? Ita ta yi min wankan jegon Zuwaira. Na kasa zuwa, ɗanmu na ta faɗa, wai ina tausayin masu cin mu.

Jiya da hantsi, ranar kasuwa, na ji hayaniya a ƙofar gida. Gambi ce, da ƙafarta mai ciwo, ɗauke da cikakken dami a ka. Ba ta biyo lungu ba. Ta ratsa tsakiyar kasuwa, ta wuce teburin mai shayi inda Isufu ke zaune, ta sauke a bakin zaurenka. Ta ɗaga murya ta ce, "Na bana ke nan, na gonar aro." Na karɓa da hannu biyu. Ban ji kunya ba, Maigida, wadda ka ji ta ishe mu.

Isufu ya tashi daga teburin mai shayi ya wuce gida. Bai leƙa ɗakin uwarsa ba, ba a kai mata tuwo ba. Na je na taho da ita, tana nan wurina kwance, ta juya fuska bango, ko ruwa sai na matsa. Alhajin bai cire turakunsa ba, ban kuma san abin da Alhamis za ta haifa ba. Na dai gaya wa ɗanmu, in gonar ta dawo, mangwaron na Gambi ne har ƙarshen ranta. Wanda bai yarda ba ya zo ya same ni.

Na yi maka tsiya da yawa, ka yi haƙuri. Da kana nan da ka ja Isufu gefe, ka dafa kafaɗarsa, ka yi ta magana a hankali har zuciyarsa ta sauka. Ni ban iya wannan ba, bakina kaifi gare shi. A nan ne nake kewarka, tsoho.

Allah ya haskaka kabarinka, kai da Mumuni. Allah ya ba Zuwaira haƙƙinta. Allah ya hana Isufu dafa Littafi kan abin da bai sani ba, ya mayar da shi ɗakin uwarsa kafin Alhamis. Amin.

Taka har kullum,
Hawwa