Lambar da ke Jikin Keken Ɗinkina

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar taki?

Na samu saƙonki cewa in tattara in dawo wurinki tunda Malam ya rasu. Ki yi haƙuri, Yaya, akwai aikin da ban gama ba.

Kin san bayan ya bar koyar da lissafi bai iya zama haka nan ba. Wata rana ya leƙa ƙarƙashin keken ɗinkina ya ga lambar kamfani, 1,022,117, ya kwafe ta da alli a bangon ɗaki. Ya ce mara ce, ba cika ba, don haka biyu ba ta raba ta. Uku da biyar ma sun kasa. Wai akwai lambobin da ba abin da ke raba su daidai sai ɗaya ko su kansu, kuma yana zargin wannan irinsu ce, mai taurin kai kamar mai keken. Na ce ai shi ya saya, halinsa ta ɗauko.

Kullum bayan karin kumallo yakan gwada lamba ɗaya, ni ina riƙe masa tsumman gogewa. Ya ce in aka wuce dubu da kaɗan ba a samu mai raba ta ba, to ba za a taɓa samu ba. A 487 ya tsaya.

Ni da ban wuce firamare ba, na ɗauki allin. Ina tsallake cika, ina gwada mara, ɗaya a rana. Wani lokaci har azahar ina fama. Shi ne abin da ke tayar da ni daga shimfiɗa.

Ki gaishe da kowa.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Ina fatan kun tashi lafiya, jikinki kuma da sauƙi.

Jiya abokin aikin Malam, wanda muke kira Dogo, ya zo duba ni. Ya tarar da ni da alli har goshi. Ya tausaya mini, ya ce matar Malam, wannan wahala ta isa. Kafin in buɗe baki ya danna lambar a wayarsa. Ruwan da na kawo masa ko kurɓa bai yi ba ya ce tana rabuwa: 1,009 sau 1,013. Har ya rubuta a bango a ƙarƙashin rubutun Malam, yana murna ya hutar da ni. Na yi masa godiya. Me zan ce?

Da ya tafi na zauna na duba. Ina kan 613. Da an bar ni, da na yi watanni ina tafiya kafin in iso amsar, don tana can daf da inda Malam ya ce a tsaya. Ba kuskuren hasashen Malam ne ya dame ni ba, Yaya. Muddin ba a san amsar ba, gani nake kamar fita ya yi, na riƙe masa aiki kafin ya dawo.

Yau da safe na goge rubutun Dogo, na ɗauki alli na fara 615. Hannuna ya ƙi. Na riga na sani.

Ki turo mai mota ranar da ta yi miki. Keken zai shiga baya. Bangon ne ban san yadda zan yi da shi ba.

Taki,
Auta