Kawu Gado da Ruwan Teku

Ƙanena Isa,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina zaman Lome? Yaya Hadiza da yara? Ƙafar nan taka ta daina kumburi? Mu nan Filinge lafiya lau, hatsi ya shiga rumbu, Inna ma ta samu sauƙi.

Albishirinka! Ka san yadda Kawu Gado ya yi fushi da littattafanka na garuruwan bakin teku, tun da ka rubuta yadda ya cika bido, jarkar nan, da ruwan teku a Kwatano, wai tsarabar shanunsa. Har gaisuwata ya daina amsawa, don ni ke karanta wa mata a gida.

To, ran kasuwa wasu mutanen garuruwan Sanam da Tabla suka zo suna tambaya, "Ina dattijo mai bido?" Ashe a fadarsu ta hira ana karanta littattafan, ana shan shayi ana faɗuwa don dariya. Ɗayansu ya ce na Lome ya fi daɗi, sauran suka ce a'a, duk wanda babu Kawu a ciki lami ne. Kawu na zaune yana jin su, ina jiran ya ɗaga sanda. Sai ya gyara rawani ya ce, "Yaron bai faɗi daidai ba. Bido biyu ne!" Ya zauna yana ba su labarin da bakinsa har la'asar.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida mutanen gida. Kawu ya ce in ka sake yin littafi ba shi a ciki, kada ka tako ƙasarmu ta Kurfai.

Yayarka,
Rabi