Gemun Baba Na Jiran Wanzaminsa

Zuwa ga sanyin idona, inuwata a tsakar rana, ruwan randata mai kashe ƙishi, farin watan da ya shige bayan gajimare ya bar ni ina ɗaga kai har wuyana ya ƙage. Zuwa ga wanzamina, wanda ya ce wai shi yanzu ba wanzami ba ne.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, wadda ba ka cancanta ba, amma zuciya ta ƙi rage ko ƙwaya ɗaya. A shagonka nake rubuta maka wannan, a kan kujerar nan taka mai kuka idan an juya ta hagu. Na zauna na tashi, na share ƙasan da babu ko silin gashi, na goge madubi har ya gaji da ganin fuskata. Zama ya gagare ni a gida, ya gagare ni a nan. Wayarka kuma a kashe, shi ya sa na koma ga biro da takarda, Yayarka za ta miƙa maka tunda a ɗakinta ka ɓuya.

Wai me ka ɗauke ni ne? Hannunka ya soma rawa, ka ɗan yanki kunnen mutum, mutumin ma ya yi dariya ya ce ba komai. Kai kuwa sai ka rufe shago, ka aiko mini da mabuɗi da saƙon kada in jira ka. Ka ce wanda ba ya iya riƙe aska ba wanzami ba ne, wanda kuma ba wanzami ba bai kamata ya ɗauko ’yar mutane ya ajiye ba. Yanzu na ji Kawunka zai zo ranar Asabar ya gaya wa Baba an fasa aurenmu. An fasa! Da wa aka yi shawara? Ni da za a aura, ko tari ba a bari na yi ba.

To, tunda a kan kalma ɗaya ka rataye rayuwata, na fita neman kalmar. Na hana unguwa sakat. Duk wanda ya leƙo ya tambaya ko ka dawo, sai in tare shi da tawa tambayar: shin mene ne wanzami, daga ina sunan ya fito?

Telan da ke jikin shagonka bai ko ɗaga ƙafa daga keke ba. Ya ce wanzami shi ne mutumin da ya san sanƙon kowa da sirrin kowa, ya kuma rufe baki a kan duka biyun. Malamin nan mai tabarau, wanda kake rage wa gira, ya ja ni da nisa har ƙafata ta yi sanyi. Ya ce a zatonsa kalmar baƙuwa ce, ta yi doguwar tafiya daga baki zuwa baki, kuma wasu na cewa tushenta Larabci ne, daga sunan mai yin ƙaho, mai janye wa mutum ciwo daga jiki. Ya ce shi dai bai rantse ba. Gwaggo kuwa tsaki ta ja. Ta ce a zamaninsu wanzami ake kira idan haƙori ya hana barci ko maruru ya ƙi fashewa, aski kuwa shi ne ƙaramin aikinsa. Ta ce yaran yanzu da ke cewa mai aski sun datse wa sunan ƙafafu.

Ka ji fa, hasken idona? Tela ya ce amana, Malam ya ce cire ciwo, Gwaggo ta ce magani. Na kasa kunne iya kasawa, ban ji wanda ya ambaci yatsu ba. Kai kaɗai ka murƙushe suna mai faɗin gona ka cusa shi cikin tafin hannu ɗaya.

Ka tuna ranar da ka fara zuwa gidanmu? Baba bai daɗe da dawowa daga asibiti ba, ɓarin jikinsa ya shanye, kansa na kaɗawa ba ya tsayawa. Masu aski biyu sun zo sun koma, kowa na tsoron ya yanke shi. Mutumin da bai taɓa fita da gemu a hargitse ba ya daina yarda a buɗe masa taga don kada a gan shi. Sai ga ka da ’yar jakarka. Ba ka fara da aska ba. Ka nemi ruwan ɗumi, ka jiƙa tawul ka lulluɓe masa haɓa, ka zauna kana tambayarsa labarin motocin da ya tuƙa yana saurayi. Ka tallafe ƙeyarsa da hannun hagu, kana bin kaɗawar kansa kamar mai rarrashin jariri. Ina tsaye bakin ƙofa na ga Babana ya lumshe ido, ya miƙa maka maƙogwaro. Da ka gama ka nuna masa madubi, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a buɗe taga.

Ga abin da ban taɓa gaya maka ba. Bayan nan na kawo maka ruwan sha. Kai da ka gama bin wuyan dattijo da aska ba ko ƙwarzane, da ka zo karɓar kofi daga hannuna sai naka ya ɗauki rawa, ruwan ya zube maka a wando, ka rasa inda za ka sa ido. Na koma ciki na toshe baki ina dariya, ban daina ba sai da na ji hawaye. Ba askin ne ya sace ni ba, muradin raina. Rawar nan ce. Hannunka mai rawa na fara so, tun kafin in san sauranka. Yanzu kuma ka ce saboda shi za ka bar ni?

Na san kana tsoro. Ni ma ina tsoro, ba zan ɓoye maka ba. Nakan farka cikin dare, in tuna ba mu ma san mene ne ke damun hannun ba, don ka ƙi zuwa wurin likita. Gaskiyar masu magana, wanzami ba ya son jarfa! Ka shekara kana ce wa mutane su tsaya cak, ba zafi, yanzu za a gama. Da aka zo kanka sai ka shige ɗakin Yaya ka ja labule. Mu je tare. In ya warke, mun gode Allah. In bai warke ba, mun gode Allah, ka zauna kan benci ka koya wa wasu, ka riƙa jiƙa tawul kana jan mutane da hira. Ni dai ba injin aski na ce zan aura ba.

Baba ne na ƙarshe da na tambaya. Tun da ka rufe shago bai bar kowa ya taɓa fuskarsa ba. Yayana ya kawo wani gwani da injinsa sabo fil, Baba ya juya ya fuskanci bango. Gemun ya yi buzu-buzu, Mama na tsokanarsa wai tsuntsaye sun fara zagaye. Na durƙusa na ce, Baba, mene ne wanzami? Ka san yadda magana ke yi masa nauyi. Ya jima yana haɗa ta, sannan ya ce:

“Wanda kike rufe ido a gabansa, alhali yana riƙe da aska.”

Na ce masa hannunka fa na rawa. Ya ce, “To ni kaina ba rawa yake ba? Ki ce masa ya zo. Nasa na yi, nawa na yi, wataƙila mu haɗu a tsakiya.”

Ya kuma ce idan Kawunka ya zo ranar Asabar ba zai gan shi ba, don shi ba ya karɓar baƙi da gemu haka, kuma mai gyara masa mutum ɗaya ne. To ka gani. Ko fasa auren kake so, sai ka zo ka yi askin tukuna.

Ka zo, ruwan bazarata, ƙasa ta bushe tana jira! Ka zo kafin Asabar, ka zo da jakarka, ni zan ɗora ruwan ɗumi. Mabuɗin shago ban saka shi cikin ambulan ba, kada ka wahalar da kanka da zazzagewa. Yana wurina. In kana so ka zo ka karɓa da kanka, da hannun daman nan, in ga ko zan sake shi.

Taka jiya da yau, taka ko an fasa ko ba a fasa ba, taka har gashin kanka ya yi fari in zauna in aske maka da nawa hannun,

Mai kofin ruwa.