A Gyara Ajin Nan Kafin Mu Mayar da Yara

Zuwa ga Mai Girma Wakilin Makarantu,

Gaisuwa da ban girma, ranka ya daɗe. Ni ne Sule Magini, daga ƙauyenmu da ke kan hanyar Azare zuwa Shira, kakan Hajara da ke aji biyu a elamantare. Na sa an rubuta wannan takarda a fili ne don sau uku ina zuwa ofishinka a Azare, kullum sai malamin ofis ya ce kana rangadi.

Na farko, abin da ya faru. Ranar Talatar da ta wuce da hantsi, ana ƙona sharar gona a bayan makaranta, iska ta ɗebo tartsatsi ta zuba a kan jinkar ajin. Ƙofa ɗaya ce tal, ciki take buɗewa, ga shi ta sauka tana jan ƙasa. Da yara suka ga hayaƙi sai suka ruga suka danne ta, ta ƙi buɗuwa. Malaminsu, Malam Haruna, ta taga ya riƙa miƙo su ɗaya bayan ɗaya, gashin kansa na babbakewa. Jikata tana cikin na ƙarshe. Ciyawa mai wuta ta faɗo mata a hannu, a kan jaki na kai ta asibiti. Yau ko hayaƙin murhu ta shaƙa sai ta fashe da kuka.

Na biyu, ruwa. Rijiyar makaranta ta rufta tun bara, ba wanda ya zo ya duba. Mata ne suka yi ta jigilar tulu daga gidajensu, mu kuma muna watsa ƙasa da hannu. Rabin jinkar ya tafi kafin mu ci ƙarfin wutar.

Na uku, ranka ya daɗe, ba jita-jita nake kawo maka ba. Ina cikin waɗanda suka gina ɗakin nan tun gemuna bai yi fari ba. Na san kowace azara da ke ciki. Gara ta cinye su, yatsa na sa ya shige. Na faɗa wa hedimasta, ya rubuta, ya sake rubutawa. Me aka aiko mana? Farar ƙasa! Wai a shafe bango saboda Baturen makaranta zai zo dubawa. An shafe, ya zo, ya yaba, ya tafi.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne na jiya. Masinja ya zo da saƙo wai a yaɓa sabuwar ciyawa a inda ya ƙone, yara su koma ranar Litinin, uban da ya hana ɗansa kuma za a kai shi gaban hakimi. Haba! Lokacin da aka ce mu ba da yara, maƙwabtana ɓoye nasu suka yi a rugage. Ni da kaina na kama hannun Hajara na kai ta. Yanzu da wane baki zan ce musu makaranta alheri ce?

Ga roƙona. A sauke rufin gaba ɗaya a sa sababbin azaru. A fasa ƙofa ta biyu, dukansu su riƙa buɗewa waje. A yashe rijiyar, a share ciyawar da ke kewaye. Kafin nan a bar yara su yi karatu a gindin tsamiya. Ku kawo kayan aiki kawai, ni da magina biyu mun ɗauki aikin don Allah.

In kuwa ba a yi ba, Hajara ba za ta shiga ɗakin nan ba. A kira ni gaban hakimi, zan zo da ita ya ga hannun da idonsa.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ka ikon yin gaskiya, ya tsare naka 'ya'yan daga abin da muka gani.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Sule Magini