Ba Zan Fasa Randunan Marka Ba

Malama Hajaratu, assalamu alaikum. Ki taimake ni da mafita. Duba-gari ya ba ni kwana bakwai, uku sun wuce.

Ni dai ban je gari ba, gari ne ya zo ya same ni. Lokacin da na gina gidana a bayan Gwarzo, daga ƙofata dawa ake hange har inda ido ya gaji. Yanzu an yanka gonakin fuloti-fuloti, an toshe hanyar ruwa da bulo, kowa ya jera tsofaffin tayoyi a kan kwanonsa don kada iska ta yaye. Famfo kuwa, tun da gwamnati ta ce a tsuke bakin aljihu, sai dai ya yi tari ya yi shiru.

To, da damina jikata Asta ta kwanta. Zazzaɓi, amai, idanu suka yi ɗorawa. A asibiti aka ce ciwon shawara ne, kuma sauro ke kawo shi. Allah Ya tashi kafaɗunta. Sai maƙwabcina Mijinyawa, wanda tun da aka ƙaddamar da Shari'a ya zama mai wa'azin layinmu, ya tuna cewa cutar da maƙwabci haramun ne. Ya kawo mini duba-gari, wai in fasa randuna ukun da ke tsakar gidana.

Randunan nan matata Marka, Allah Ya jiƙanta, ita ta gina su. Har yau sawun yatsunta na nan a wuyansu. Shekara arba'in muna sha, ba wanda idonsa ya sauya launi. Sauron da na sani da kukansa yake zuwa, kamar mai sallama. Wannan na rana tsaka, mai fari-fari a ƙafa, tare da baƙin nan ya tare. Ba zan fasa ba. In kotu ce, mu je.

Dattijon Bayan Gari, Gwarzo

Wa alaikumus salam, Baba. Allah Ya ƙara wa Asta lafiya.

Kana da gaskiya, cunkoson gidaje da tayoyin nan masu tara ruwan sama su suka ba wannan sauron wurin zama. Amma Malam Mijinyawa ma bai yi ƙarya ba. Sauron nan ruwa mai kyau da ke ajiye yake so, yana manna ƙwansa a jikin randa, kuma bai san wanda ya riga wani zuwa unguwar ba.

Kada ka fasa su. Kowace Juma'a a juye ruwan, a dirje cikin randunan da soso, a ɗaure bakinsu da ƙyalle, a kifa faifai. Ka kai mutanen gidanka allurar rigakafi. Sannan kafin kwanakin su cika, ka kira duba-gari da kanka ya gani. In ya gama, cikin mutunci, ka nuna masa saman kwanukan layin gaba ɗaya, har da na Malam Mijinyawa.

Baiwar Allahn nan ta gina randunanta ne don jikokinta su sha su rayu. Ka rufe mata su, Baba. Allah Ya jiƙanta, Ya bar zumunci a layinku.