Ni Na Rubuta Kalmar a Allo, Ba Baƙuwar Ba

Zuwa ga Goggo Furera,

Assalamu alaikum. Don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki hanzarta, don saura mako uku a yi taron iyaye. Ko maigidana bai san na rubuto ba, shi ya sa ban sa adireshi ba. A jarida zan nemi amsarki.

Ni malama ce a wata makarantar 'yan mata ta kwana a nan Katsina. Bara, da arzikin mai ya iso mu, aka gina mana ɗakin kimiyya sabo fil, aka cika shi da kwalabe da madubin duba ƙananan halittu, wasu akwatunan har yau ba a buɗe ba. Aka kuma kawo mana malama daga Indiya, Misis Kuriyan, don ta koyar da ilimin halittu. Mace ce siririya mai sanyin hali, mijinta ya rasu, ta baro 'ya'ya biyu wurin uwarta. Turancinta sauri gare shi, 'yan aji huɗu ba su kama rabinsa, Hausarta kuma ba ta wuce sannu da aiki ba. Sai shugabar makaranta ta haɗa mu, ita ta faɗa da Turanci, ni in maida Hausa. Muka ja layi tsakiyar allo, hagu nata, dama nawa.

Da muka zo darasin yadda halittu ke sauyawa a hankali, zuriya bayan zuriya, ta ce ba za mu tsaya muna zuba masu bayani ba, su za su binciko. Muka raba su shida-shida. Kowace ƙungiya ta kawo tambayarta da Hausa, su yi gardama, sannan su taru su juya ta Turanci. Wasu suka ɗauki kuɗin-cizon ɗakin kwanansu, me ya sa hodar da ke kashe su da, yanzu sai su bi ta kanta su wuce. Wasu suka ɗauki tantabaru. Goggo, ban taɓa ganin aji ya rayu haka ba. Yaran da shekara uku ban ji muryarsu ba, sai ga su suna ɗaga hannu har suna miƙewa tsaye.

Akwai wata yarinya, Ma'u, ƙungiyarsu ta ɗauki gero. Ta ba su labarin kakarta ta wajen Kaita, wadda kowace kaka take ware zangarniyar da ta riga nuna ta rataye don iri, har geronsu ya zama yana riga na maƙwabta. Ma'u da kanta ta ce, to ai farin nan da aka yi shekara huɗu da suka wuce shi ma zaɓe ya yi, geron da ya jure shi ya bar iri, ba tare da hannun kowa ba. Misis Kuriyan ta tsaya tana kallonta, idonta ya kawo ruwa.

Ranar ƙarshe kafin hutu, ana dab da buga ƙararrawa, wata ta buɗe littafi ta nuna hoton ƙoƙunan kai da aka jera. Ma'u ta tambaya da Hausa, to mutum fa? Na maida tambayar Turanci. Misis Kuriyan ta amsa a tsanake, ta daɗe tana magana. Ta ce masana kimiyya suna cewa mutum da manyan birai sun haɗa tushe mai nisan gaske, ba wanda ya ce birin da muke gani ya zama mutum. Ta ce su san abin da littafi ya faɗa don jarrabawa, batun imani kuwa ta bar wa iyayensu da malaman addininsu. Ta rubuta gajarcen wannan a gefenta.

Ni kuwa na gaji, azahar ta yi, jaririyata na can gida tana jiran nono. Na ɗauki alli na rubuta a gefena: Biri ya rikiɗa ya zama mutum. Ko "wai" ban sa ba. Kin dai san abin da rikiɗa take a wurinmu, mutum ya shiga daji ya fito kura. Yara talatin da huɗu suka kwafe, suka tafi gida da shi.

Mahaifin Ma'u, Malam Almu, mai sayar da littattafan addini ne a Ƙofar Marusa. Mutumin kirki ne. 'Yan'uwansa sun hana, shi ya dage ya sa ɗiyarsa boko. Yana karanta Hausar boko, ba ya jin Turanci. Ya buɗe littafinta ya karanta gefen da yake iya karantawa.

Aka dawo hutu, yara goma sha ɗaya ba su dawo ajinmu ba, har da Ma'u. Ba wanda ya zo ya yi faɗa, kuma wannan shirun shi ya fi tsorata ni. Mako na farko muka tarar an tumɓuke geron da yara suka shuka bayan ɗakin kimiyya, an jera shi a ƙasa ɗaya bayan ɗaya, kamar wanda ya yi bai yi gaggawa ba. Mako na biyu Misis Kuriyan ta buɗe ƙofar gidanta a GRA ta ga matacciyar tantabara a kan dakali, an ɗaure mata ƙafafu. Mai kawo mata madara ta daina zuwa. Yanzu kullum lokacin tashi akwai maza huɗu ko biyar ƙarƙashin itacen bedin da ke kallon ƙofar makaranta. Ba su cewa komai. Idan ta fito da laimarta sai su bi ta da ido har ta sha kwana. Shekaranjiya na ƙirga tara.

Duk gari ya ɗauka ita ta faɗa. Matan unguwarmu har jaje suke mani, wai Allah ya raba ni da zama da matar nan. Ni kuma in ce amin. Goggo, da bakina nake cewa amin.

Shugabar makaranta ta kira ni ofis ta rufe ƙofa. Ina jin ta gane, don ta san baƙuwa ba ta iya haɗa jimlar Hausa ba. Ta ce in ja bakina, kwangilar Misis Kuriyan za ta ƙare a watan Yuni, a taron iyaye za a ce ba za a sabunta ba, ƙura ta lafa, yara su dawo. Ta ce ita baƙuwa jirgi za ta hau, ni kuwa a garin nan za a binne ni. Maigidana ma, da na ɗan taɓa masa zancen, cewa ya yi in tuna sunan gidanmu da makomar 'ya'yana.

Misis Kuriyan ba ta san abin da na rubuta ba. Tana tsammanin bayaninta ne ya jawo. Jiya ta riƙe mani hannu tana ba ni haƙuri, wai ta sa ni cikin wahala.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, ranar Lahadi na haɗu da Ma'u a gidan suna. Ta rame. Ta durƙusa ta gaishe ni, da za ta tashi ta ce a hankali mahaifinta ya tambaye ta sau uku wace malama ce ta rubuta, ita kuma ba ta faɗa ba, kuma ba za ta faɗa ba.

Ni musulma ce, ina salla, ban taɓa shakkar cewa Allah ya halicci Annabi Adamu ba. Amma abin da yaran nan suka gano game da gero da kuɗin-cizo, ni ma na gani da idona. In na fito na faɗi gaskiya, mutanen ƙarƙashin bedi ƙofar gidana za su koma. In na yi shiru, ban san abin da za su yi mata kafin Yuni ba. Ya zan yi?

Taki,
Malama Mai Gefen Dama, Katsina.

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗiyata.

Na ajiye wasiƙu da yawa na sa taki gaba. Na canza sunaye, amma ki sani, duk wanda ya san makarantar zai gane ki. Ina kuma jin kin san haka tun kafin ki liƙa kan sarki. Rabin zuciyarki ya riga ya yanke hukunci, ni ragowar zan yi wa magana.

Tsoronki ba wauta ba ne, kuma shugabarku da maigidanki ba mugaye ba ne, lafiyarki suke nema. Iyayen nan ma ban ga laifinsu ba. Mutumin da ya saɓa wa danginsa ya ba ku amanar ɗiyarsa, ya buɗe littafinta ya ga wannan jimla, dole ransa ya ɓaci. Ni ma da na gani a littafin jikata da na sa mayafi na nufi makarantar.

Amma shawarar yin shiru ba ta da kyau, ba kuma za ta yi aiki ba. Yara talatin da huɗu sun ga hannun da ya riƙe alli. Yau ko gobe ɗaya za ta faɗa, ranar kuwa ba za a ce kin yi kuskuren fassara ba, za a ce kin ɓoye bayan baƙuwa. Kuskure ana yafe shi da wuri. Sannan ki dubi wadda ke ɗauke da kayanki yanzu: yarinya ƙarama tana ɓoye wa ubanta gaskiya don ta rufa maki asiri. Wannan nauyin ba nata ba ne, ki sauke mata.

Ki fara da Misis Kuriyan, yau ɗin nan. Ki faɗa mata abin da kika rubuta da ma'anarsa. Daga nan ku je wurin shugaba tare, ki ba ta bayaninki a rubuce, ku nemi a maido baƙuwar cikin harabar makaranta da zama, a kuma sanar da mai unguwa da 'yan sanda batun tantabarar da masu tsayuwa a bakin ƙofa. Huɗu sun zama tara. Kada a jira a ga adadi na gaba.

Kada ki bari sai ranar taro, cikin jama'a kowa zafinsa ƙaruwa yake. Ki zaunar da maigidanki ki gaya masa duka, ba taɓawa ba. Ku nemi dattijon da Malam Almu ke jin nauyinsa, da malamin addini na makarantarku, ku sami Malam Almu a zaurensa. Ki ce ke kika rubuta, kin yi gaggawa, kin faɗi abin da ba a faɗa ba. A fassara masa gefen hagu kalma da kalma, har inda baƙuwar ta bar imani a hannun iyaye. Ki kuma ba shi labarin geron kakar Ma'u da abin da ɗiyarsa ta hango da kanta. Ya cancanci ya san irin kan da Allah ya ba ta.

Batun yadda ilimin nan zai zauna da imaninki, ni ba malama ba ce, ba zan yi maki fatawa ba. Ki kai tambayar wurin masani mai natsuwa, ba kunya a ciki.

Kada ku daina sa yara bincike a ƙungiya. Amma daga yau duk kalma mai nauyi ku zauna ku uku da malamin addini ku tace ta kafin ta hau allo, kuma abin da masana suka faɗa a rubuta cewa su suka faɗa. In ƙararrawa ta kama ku, a bar tambaya ta kwana.

Ba zan ce maki ba za ki ji jiki ba. Mai yiwuwa a ɗauke gaisuwa na wani lokaci, mai yiwuwa a canza maki wurin aiki. Za ki iya ɗaukar wannan. Abin da ba za ki iya ɗauka ba shi ne a wayi gari wani abu ya sami matar nan alhali kina da maganar da za ta hana.

Lokacin da kike karanta wannan, wasu ma a Katsina suna karantawa. Ki riga su isa wurin Malam Almu.

Allah ya tsare ki, ya tsare baƙuwarku, ya sanyaya zukatan iyaye, ya maido da yaran nan kan kujerunsu.

Goggo Furera.